Muryar da Obrad Ya Sayar

An haifi Obrad Miletić a shekarar 1957 a Kragujevac, a unguwar ma'aikatan kamfanin motoci. Ubansa maƙeri ne a kamfanin, ya so ɗansa ya gaje shi, amma yaron ya tashi hannunsa bai iya riƙe guduma ba. Bakinsa ne ya iya aiki. Yana kwaikwayon fada a coci, da shugaban ma'aikata, da maƙwabciyarsu mai masifa, har ita kanta ta riƙe ciki don dariya. Da ya gama hidimar soja sai ya sami aiki a gidan wasan 'yan tsana na yara. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa, durƙushe a bayan labule, hannu a sama, ba wanda ya san fuskarsa.

Muryarsa aka sani. Wajen ƙarshen shekarun casa'in tashar talabijin ta gari ta soma wani shirin yara da yamma, kafin labarai, da wani tsohon kare na tsumma mai suna Garo. Obrad ne Garo. Murya ce mai kauri da ɗan dusashewa, irin ta kakan da aka tasa daga barcin rana bai yi fushi ba. Garo ne ke cewa a wanke hannu, a dubi hagu da dama kafin a tsallaka titi, kada a karɓi alewa a hannun baƙo. Iyaye mata sun san abin da suka faɗa har baki ya gaji ba a ji ba, in Garo ya faɗa sau ɗaya ya zauna. A 2011 tashar ta canja hannu, aka rufe shirin, aka cusa karen a kwali.

Shi da matarsa Zorka Allah bai ba su haihuwa ba. Ta rasu bai daɗe da yin ritaya ba. Abin da ya rage masa na zumunci a duniya shi ne gidan Milun Rakić, manomin tuffa a wani ƙauye na Gruža. Gidan Miletić su ne kum, wato ubannin baftisma, na gidan Rakić tun kakanni. Kakan Obrad ya riƙe uban Milun ranar baftisma, uban Obrad ya riƙe Milun, Obrad ya riƙe 'ya'yan Milun biyu, Ratko da Vukan. Kum ne ke zaɓa wa jariri suna. Da yake kuma jariri ba shi da baki, kum ne ke tsayawa gaban fada ya amsa a madadinsa, ya ce ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ya faɗi bangaskiya da ƙarfi kowa ya ji. Ba a faɗa da kum, ba a ɗaga masa murya, ba a tuhumarsa. Mutanen ƙauye kan ce Allah a sama, kum a ƙasa. Obrad ya san ba shi da wanda zai bar wa wannan gado. Burinsa bai wuce ɗaya ba, ya kai ranar da zai riƙe ɗan Ratko, wanda bai daɗe da aure ba.

A kakar 2022 Vukan ya sami gurbin karatun injiniya a jami'a, irin gurbin da gwamnati ke ɗaukar nauyi. Ba a ma yi shawarar inda zai zauna ba. Milun ya kawo shi da mota cike da dankali da cuku da kyafaffen nama, ya tura shi cikin ɗakin da Zorka ke ɗinki a da.

Milun ya ce, "Kum, ga shi nan. In ya yi maka rashin kunya ka fasa masa kai, kada ka tambaye ni."

"Wannan kan? Ai sai guduma ta karye. Irin naka ne sak."

"Ci ne dai zai talauta ka. Tun da ya fito daga gida bakinsa bai huta ba."

Vukan ya tsaya a bakin ƙofa da jaka, dogo, kunnuwa sun yi ja, yana murmushi. Yaro ne marar yawan magana, mai kan lissafi. Watannin farko sun yi wa Obrad daɗi. Ya koma dafa miyar wake a babbar tukunya. Ranar Asabar su zauna su kalli ƙwallo, yaron yana zagin alƙalin wasa a hankali don kada kum ya ji, kum yana yi kamar bai ji ba.

Ana cikin haka aka kira shi daga Belgrade. Wata yarinya ce mai suna Tijana, daga kamfanin shirya talla. Ta ce, "Kawu Obrad, ni a muryarka na girma. Har yau in zan tsallaka titi sai na ji ka." Ta ce wani kamfanin cacar ƙwallo ke neman murya. Ya sa rigarsa ta fita kunya ya hau bas.

A can suka karɓe shi kamar wani babban baƙo. Ya tambaya ko ya nemo karen a kwali. Tijana ta yi dariya.

"A'a, Kawu. Kare ba ma so, sunansa ma ba za mu ambata ba, lauyoyi ba za su bari ba. Muryar kawai. Ka duba, waɗanda suke 'yan shekara biyar a lokacin nan, yau sun kai ashirin. Suna jami'a, suna da waya, suna da katin banki. Ba za su ma san dalilin da ya sa suka tsaya suka saurara ba."

Obrad ya ji maganar sarai. A matsayin yabo ya ɗauke ta. Kuɗin ba za a raina ba ga mai zaman fansho, amma ba su suka ja shi ba. Abin da ya ja shi, sun sa masa abin ji a kunne, sun rufe ƙofa, wani ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru ana ɗauka, abin da rabonsa da ji tun da aka rufe shirin. Maganar ba ta da tsawo: "Zo, kada ka ji tsoro. Tikitin farko a kanmu yake." Gargaɗin nan na ƙarshe, cewa caca kan zama jaraba, wani ne daban ya karanta shi da gudu kamar ana korarsa. Obrad ya karanta yarjejeniyar iyakar fahimtarsa, ya sa hannu.

Tallar ta fito kafin Kirsimeti. Ana sa ta kafin wasa, da hutun rabin lokaci, da duk sanda aka ɗauke wanda ya ji rauni daga fili. Washegarin fitowarta Stana, matar Milun, ta kira.

"Kum, muna cikin cin abinci sai ga ka a tsakiyar ɗaki. Milun har ya miƙe tsaye da cokali a hannu. Duk ƙauye maganarka ake."

"Tsohon kare ne, an tuna da shi."

"Na aika wa Vukan ɗan wani abu ya sa mini a kan 'yan ƙwallo masu jar rigar nan. Milun ya soma gunaguni, na ce abin da bakin kum ya taɓa ai ba zai zama mugun abu ba. Sai ya yi shiru."

Obrad ya yi dariya, ya ce Allah ya ba mai rabo sa'a.

Sai da sanyi ya soma raguwa ya gane inda aka kwana. Wata safiya ya bi ta titin jami'a ya shiga gidan burodi, ya ce a ba shi burek, burodin nan mai cuku a ciki. Samari uku ne a gabansa cikin layi, da jakunkunan makaranta. Ɗaya ya waiwayo.

"Kawu, don Allah sake faɗa."

"Me zan faɗa?"

"Kun ji? Na rantse da uwata Garo ne."

Na biyun, wani siriri mai tabarau, ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Kawu Garo, ka hana mu karɓar alewa a hannun baƙo, ka zagayo ka cinye mana kuɗin haya."

Na farkon ya ce, "Kai, bar shi. Ai shi ba baƙo ba ne, na gida ne."

Suka bushe da dariya, har mai sayar da burodin. Na ukun bai yi dariya ba. Ya matso kusa ya rage murya. "Ka gaya wa Vukan ranar Asabar ma muna ciki, ni da 'yan ɗakinmu. Tun da daga bakinka yake samun sirrin, ka taimaka ka duba mana da kyau. Na makon jiya bai yi ba."

Obrad ya fito ya manta da burek ɗin a kan teburin mai burodi. Ya tsaya ya dubi titin da ya sha bi bai taɓa dubawa ba. Daga gidan burodin zuwa ƙofar jami'a shagunan caca sun fi na littattafai yawa. Cikinsu da ɗumi, kofi kyauta, kujeru masu laushi, talabijin ko'ina a bango. Da safe ne, lokacin darasi, amma a cike suke. Waɗanda ba su shiga ba suna jingine da bango, kai a sunkuye kan waya.

Da rana ya jira har Vukan ya ci rabin miyarsa, sannan ya faɗa masa abin da ya ji. Yaron ya ajiye cokali.

"Ban ce kai kake ba ni ba, Kum. Su suka ce, ni dai ban musa ba."

"Kuɗin mutane kake karɓa?"

"Su suke kawowa. Da farko na ci, sun gani. Abin lissafi ne, ina da tsarina. Makonni ne kawai suka zo a karkace, zai dawo."

"Wa ya koya maka wannan?"

Vukan ya ɗago ya dube shi, ba da tsiwa ba. "Kai ka ce kada a ji tsoro."

"Aiki ne wannan. Takarda aka ba ni na karanta."

"Da kake cewa a dubi hagu da dama, ita ma takarda ce?"

Yaron ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ya kama hannunsa ya sumbata, ya roƙe shi kada ya gaya wa babansa. Ya ce kafin jarrabawar bazara zai gyara komai. Obrad ya yarda. Ya gaya wa kansa tausayi ne. Amma ya san akwai wani abu a ƙarƙashi: da wane baki zai ce wa Milun ɗanka ya lalace a gidana, alhali bakin nan ne ke kiran yaron kowace Asabar?

Milun kuwa ba makaho ba ne. Ya ga yaron ya nemi kuɗin littattafan da aka riga aka saya. Ya ga rigar sanyin da uwarsa ta saya masa ba ta dawo gida da Ista ba. Duk Lahadi yana kira, ya tambayi lafiyar kum, da ciwon gwiwarsa, da ko dankali ya ƙare. A ƙarshe ya ce, "Yaron dai lafiya?" Obrad ya ce lafiya lau. Milun ba zai ƙara ko kalma ba, don tambaya ta biyu tuhuma ce, kuma yaro yana hannun kum. Haka suka yi ta rufa wa juna asiri har abin ya ruɓe a tsakaninsu.

Abu ɗaya Obrad ya yi. Ya koma Belgrade ya ce a cire muryarsa, zai mayar da abin da aka ba shi. Ya tarar Tijana ta bar aiki a wurin. Wani mutum mai ƙamshin turare ya ba shi kujera, ya nuna masa shafin da ya sa hannu. Ya kuma kunna masa sabuwar talla ta gasar bazara. Obrad ya ji kansa yana faɗin maganganun da bai taɓa faɗa ba, har da 'yar tarin nan da Garo kan yi kafin ya ba da shawara.

Mutumin ya ce, "Na'ura ce ta koyi muryarka. Ai sauƙi ne gare ka, Kawu. Ba sai ka riƙa wahalar bas ba."

A watan Yuni, da rana tsaka, aka tare Vukan a bayan filin wasan ɗalibai. Wasu daga cikinsu abokansa ne da suka ba shi kuɗin haya da na abinci, wasu kuma mutanen da ya ci bashi a wurinsu don ya toshe bakin abokan. Suka karya masa muƙamuƙi da haƙarƙari. A asibiti aka ɗaure bakin da wayar ƙarfe. A nan ne ya fito fili cewa tun sanyi bai zauna jarrabawa ko ɗaya ba, gurbin gwamnati kuma ya tafi.

Milun ya zo da takalmin gona a ƙafarsa. Ya zauna a gefe ɗaya na gadon, Obrad a ɗaya gefen, yaron a tsakiya yana kallon rufi. Akwai talabijin a bangon ɗakin, ana nuna wasa. Aka tafi hutu, tallar ta shigo. Ba wanda ya motsa a cikinsu. Wani tsoho a gadon kusa ya ce, "Don Allah a kashe mana wannan ɗan iskan, shi ya ci jikana." Milun ya tashi ya kashe, ya dawo ya zauna, idonsa a ƙasa.

Da aka sallami yaron, Milun ya zo kwashe kaya. Ya share ɗakin Zorka da hannunsa. A bakin ƙofa ya sumbaci Obrad a kumatu kamar yadda aka saba, ya ce, "Mun gode, Kum. Ka yi ɗawainiya." Obrad ya so Milun ya zage shi, ko ya ɗaga hannu ya mare shi, da ya sami sauƙi. Milun ya ɗauki jaka ya sauka. Daga baya aka ji ya sayar da gonar tuffa ta bakin rafi don masu bin Vukan su bar zuwa ƙauye. Vukan ya warke da karkataccen baki, ya bi wata motar 'yan ƙwadago zuwa masana'anta a Slovakia. Lambar wayarsa tana yawan canjawa. Uwarsa ta ce in ya kira, abu ɗaya yake nema.

A farkon 2024 matar Ratko ta haifi 'ya mace. Ratko ya kira ya faɗa, a taƙaice. Obrad ya kai kwat ɗinsa wanki, ya sayi kyandir da farin ƙyalle na baftisma, ya zauna jiran a sanar da shi rana. Makonni suka wuce. Ran nan da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Milun ne, cikin kayan zuwa coci, ranar aiki, da kwalbar barasar da yake dafawa da kansa da burodi a naɗe cikin tawul. Obrad na ganin haka ya san abin da ya kawo shi. Ba a sauya kum sai tsohon kum ɗin ya saki mutane da bakinsa. In ya ƙi, ba mai iya tsallake shi, don an yi imani yaron da aka yi wa baftisma a kan fushin kum ba ya albarka.

Milun ya ƙi zama. Ya ajiye kayan a kan tebur, ya cire hula ya riƙe da hannu biyu.

"Kum, tun da nake ban taɓa faɗa maka maganar da ba ta da daɗi ba."

"Ba ka taɓa ba."

"Yau ma ba zan faɗa ba. Stana ce. Ba ta barci. Ta ce ita ta fara aika wa Vukan kuɗin cacar, da hannunta. Ta ce in ta shiga coci ta ji muryar nan tana amsawa a madadin jaririyar, za ta faɗi a wurin. Matar Ratko ma haka ta ce." Ya juya hular a hannunsa. "Ni na ce musu kum kum ne. In ka ce a'a, to a'a ce. Za mu sa rana, ka zo ka riƙe ta, ba wanda zai ce uffan."

Obrad ya san gaskiya ya faɗa. Kalma ɗaya zai yi, ya tsaya a coci da jaririya a hannu, ya zauna a kan teburin biki a kujerar girma, a fara zuba masa kafin kowa. Stana da kanta za ta kawo masa faranti. Haka za a yi ta yi duk shekara har ya mutu, ba wanda zai nuna masa a fuska.

Ya ce, "Wa kuka samu?"

"Wani abokin Ratko ne, direban babbar mota. Yaron kirki. In zai yi magana ma sai ka matsa kusa."

"Ya san abin da ake faɗa a gaban fada?"

"Zai koya."

Obrad ya ɗauko ƙananan kofuna biyu ya zuba barasar. Ya miƙe tsaye kamar yadda ya kamata, ya ce ya sake su, su da 'ya'yansu da jikokinsu, ba da fushi ba, ba da riƙo ba, Allah ya raya yarinyar. Ya faɗa a hankali ƙwarai, har sai da Milun ya sunkuyo don ya ji. Suka sha a tsaye. Obrad ya shiga ɗaki ya ɗauko kyandir da farin ƙyallen ya ba shi, ya ce a kai wa direban, kada a yi asara.

A bakin ƙofa Milun ya tsaya yana neman abin da zai kira shi da shi. Bai taɓa kiransa da sunansa ba.

"To, Obrad. Ka kula da gwiwar nan."

An yi baftismar bayan Ista. Obrad yana nan a gidansa na hawa na uku, shi kaɗai. Kamfanin ya sabunta tallar har zuwa kakar wasa mai zuwa, yarjejeniyar ta ba su dama.